Wayoyi Goma Sha Ɗaya a Gidan Burodi

Shekara talatin da ɗaya shagona yana jingine da na Tasta. Ni kafinta ne, shi mai gyaran wuta. Abin da ya raba mu katako ne, ni kuma na kafa shi da hannuna, don haka duk abin da aka faɗa a can yana shigo mini ko ban kasa kunne ba. Sunan Tasta ya samo shi ne daga ɗan sukundireban nan mai ƙwai a ciki, wanda ake taɓa waya da shi a ga ko akwai wuta. Kullum yana saƙale a bayan kunnensa. Da shi ya je asibiti ran da likita ya ce masa hannunsa ya fara rawa, kada ya ƙara hawa tsani, kada ya ƙara sa hannu a akwatin wuta.

Ya dawo ya zauna a bencin ƙofar shagona, ya jira na gama goge ƙafar kujerar da ke hannuna. Sannan ya ce ƙarshen wata zai miƙa mabuɗin shago ga wani mai sayar da rigunan waya da caja, wanda ya daɗe yana zarya.

"Shago mai shekara talatin ya koma wurin rataye roba," na ce.

"To wa zan ba? Kai?"

'Ya'yansa maza uku ne, babu wanda ya tsaya ya koyi ko naɗa tef. Babbansu direba ne, na biyu yana ofis yana buga hatimi, na uku ya tafi can wata uwa duniya, sai dai a ji muryarsa a waya. Saura Auta, ita kaɗai mace. Shekararta ashirin da tara, tana aiki a shagon buga takardu da ke bayan layinmu. Ita ce Tasta bai sa a lissafi ba, ita ce kuma ta shekara uku tana karatun wuta da na kwamfuta a intanet.

Karatun nan na san shi kamar ni nake yi. Da an tashi hutun rana a wurin aikinta sai ta zo shagon uban, ta share kusurwar tebur, ta buɗe wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da tef. Sai ka ji wani mutum daga wata ƙasa ya fara bayani. Ta ƙara masa sauri har ya riƙa zuba kamar wanda kare ya biyo. In wani wuri ya shige mata duhu ta tsayar da shi a tsakiyar kalma, bakinsa a buɗe, ta je ta sha ruwa, ta dawo ta mai da shi baya ya sake.

"Malamin da za ka danna ya yi shiru, ka danna ya ci gaba, ai wannan rediyo ne," in ji Tasta. "Ni maigidana in na yi kuskure, da filaya yake yi mini bayani a tsakar ka."

"Shi ya sa ka iya, Baba," ta ce, idonta a kan allo. "Ni kuwa ina son kaina ya kai ni tsufa."

A lokacin ra'ayina ɗaya da nasa. Sana'a ta hannu take shiga, kuma sai ka tsaya gaban wanda ya fi ka, ka sha faɗa, ka ji kunya. 'Yan yanzu so suke su iya abu ba tare da kowa ya ga ranar da ba su iya ba. Amma ba zan danne mata haƙƙi ba, yarinyar ba ta wasa. Duk mako jarrabawa, in ta faɗi ta sake. Takardun shaida ta buga har tara. Tasta ya ƙunshe ƙananan ƙusoshi a ɗaya, ya ce takardar tana da ƙwari, wannan kam ya yaba.

Akwai lokacin da ta haɗa wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ta rubuta mata umarni a kwamfuta, ta ɗaura a jikin fankar shagon. Aikinta in ta ga ba kowa a ɗaki ta kashe fanka. Na'urar ta yi aiki yadda aka ce mata. Abin da Auta ba ta lissafa ba shi ne ubanta in ya zauna bayan cin abinci ba ya motsi. Sai na'urar ta ɗauka ba kowa. Kwana huɗu ina jin fanka ta tsaya, in ji Tasta ya farka yana zagi yana kaɗa hannu sama, fanka ta tashi. Rana ta biyar ya cire ta ya sa a aljihun tebur.

Da Auta ta ji zancen mai rigunan waya, ba ta jira hutun rana ba. Da safe ta zo.

"Baba, ni ka ba mabuɗin."

"Na ba ki ki yi me? Ki kunna wa mutane bidiyo wutarsu ta gyaru?"

"Ka gwada ni."

"Gidan mutane ba allo ba ne. A kwamfutarki in waya ta ƙone sai ki danna ta dawo sabuwa. A gidan mutane in ta ƙone, da labule take tafiya."

Suka yi ta yi har na ajiye zarto na zagaya, don ba a aiki cikin irin wannan. A gabana aka yanke magana. Akwatin wutar gidan burodin da ke ƙarshen layi ya daɗe yana ba da wahala, kuma Tasta ne ya yi wa gidan waya tun ana gininsa. Ranar Laraba Auta za ta shiga ƙarfe tara, bayan an kwashe burodin safe. In injin kwaɓa ya tashi kafin ƙarfe ɗaya, lokacin kwaɓin yamma, mabuɗi nata ne. In bai tashi ba, na mai rigunan waya ne. Shi ba zai shiga ba, ita ba za ta tambaye shi komai ba. Ni ne shaida.

Gidan burodin dogon ɗaki ne, tanda a can ƙurya, farantan gashi jere a kan kanta har rufi. Injin kwaɓa yana tsakiya, kwanonsa ya kai rabin ganga, da wani murɗaɗɗen ƙarfe a ciki mai juya fulawa. Akwatin wutar yana jikin bango kusa da taga. Makunnin da ke tayar da injin ya gaji, yana cikin aiki sai ya saki, don haka ma'aikata suka tokare shi da ƙotar ludayi. Wata shida ludayin nan yana wurin.

Mai Burodi ƙaton mutum ne, da tawul a wuya kullum. Ya kalli Auta da jakarta, ya leƙa ta taga ya kalli Tasta da ya kafa benci a waje ya juya wa gidan baya.

"Tasta, da gaske ba za ka shigo ba?"

"Ga injiniya nan na turo maka. Takardunta tara."

"Ni ba takarda nake gasawa ba."

Auta ba ta kula su ba. Ta kashe babban makunni, ta sa masa kwaɗo, ta jefa mabuɗin a aljihu. Ta fito da mitarta ta gwada ta tabbatar ba wuta, ta sake gwadawa. Wannan ya burge ni, don na ga masu gemu da ba sa yi. Ta buɗe akwatin, ta hure garin fulawar shekara da shekaru, ta ɗauki hoto da wayarta ta gaba da ta gefe. Sannan ta tsaya tana kallo.

Wayoyi goma sha ɗaya ne suka fito daga bututu ɗaya a bango. Biyar ja, huɗu kore, biyu baƙaƙe. Kowace, kamar taƙi ɗaya kafin bakinta, an ƙulle ta. Wata ƙulli ɗaya, wata biyu, wata uku, wata biyu manne da juna da ɗaya can nesa.

"Kawu, dubi wannan aikin don Allah. Kamar igiyar shanya."

"Ni shaida ne," na ce.

"Ƙulli yana raunana waya. A darasi na huɗu aka gaya mana. Ga bakunan ma duk sun yi baƙi."

Ni na san Tasta ba ya yin abu a banza. Mutumin da yake miƙe tsohuwar ƙusa ya adana ba zai ɓata taƙi guda na waya don ado ba. Amma ban san amfanin ƙullin ba, kuma ba a kawo ni don in yi magana ba. Ta kwance su duka daga tsohon makunnin, ta ɗauki filaya, ƙyat, ƙyat, ƙyat, har sau goma sha ɗaya. Ta fere bakunan suka fito fes suna sheƙi. Gaskiya sun yi kyau.

A gidan akwai wani dattijon ma'aikaci da suke kira Tsabta, wanda ba ya iya ganin abu a ƙasa. Kafin guntu na ƙarshe ya gama birgima ya share ya kai gangar shara.

Ta cire tsohon makunni da ludayinsa, ta ɗaura sabo, ta ɗaura wata na'urarta a gefe mai ƙirga mintoci, wadda za ta tsayar da injin da kanta in kwaɓi ya yi. Ƙarfe goma da rabi ta gama wannan, har tana 'yar waƙa. Sai ta buɗe hoton don ta mai da wayoyi. Waƙar ta tsaya.

A hoton komai a fili yake. Ja mai ƙulli biyu tana nan, ja mai ƙulli uku tana can. Ta ɗaga kai ta kalli bango. Ja biyar ne, dukansu fes, babu mai ƙulli ko ɗaya, kamar 'yan biyar da aka yi wa aski rana ɗaya.

"Kawu," ta ce a hankali, "ina guntayen nan?"

Muka fita ta ƙofar baya don kada uban ya gani. Ni da furfurata na zura hannu cikin ɓawon ƙwai da toka, muka tsinto su goma sha ɗaya cif. Tsabta yana biye da mu yana share abin da muke zubarwa. Muka jera su a kan buhu. Sai dai guntu ba ya faɗin daga jikin wa aka yanko shi. Na gwada dabararmu ta katako, in haɗa yanka da yanka in ga wanda ya zauna. A katako yana yi. A waya kowace ta zauna da kowace.

Mai Burodi ya matso yana goge wuya. "Injiniya, lafiya dai? Na ga kina jera waya kamar mai duba."

"Lafiya lau. Tsari ne."

"To tsarin ya san ƙarfe ɗaya?"

Ta ja numfashi ta ce ba komai, launi zai raba gardama. Kore a ko'ina ta ƙasa ce, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen inji don ta kare mutum. Ta tattara korayen huɗu, ta kai su wurin ɗaurawa, har ta sa sukundireba. Sai ta tsaya. Ta daɗe a haka, sannan ta sake su.

"Me kuma?" na ce.

"Me zai sa a yi ta ƙasa har huɗu a akwati ɗaya? Kuma darasin farko cewa ya yi kada ka yarda da launi sai ka gwada. Kada ka yarda da wanda ya yi aikin kafin kai, ko da ubanka ne."

"Haka malamin ya ce?"

"Ƙarshen ni na ƙara."

Ta fito da wata doguwar waya a naɗe, ta ba ni baki ɗaya. Dabarar ita ce in je in taɓa shi a inda kowace waya ta ƙare, a jikin inji ko fitila ko babban makunni, ita kuma tana nan tana bin goma sha ɗayan da mita. Wadda mitar ta yi ƙara a kanta, ita ce. Ta liƙa mata tef ta rubuta suna.

Tasta bai juyo ba, amma bayan kansa yana gani. "Shaida ba ya riƙe waya," ya ce ta taga.

"Cewa aka yi kada ta tambaye ka," na ce. "Ba a ce kafinta ya naɗe hannu ba."

Haka na yi ta yawo. Na durƙusa ƙarƙashin inji, na hau buhu na kai fitila, na shiga bayan tanda inda fankar fitar da hayaƙi take, na fito kamar an tono ni. Ita tana can tana cewa, "Riƙe, Kawu. Ba ita ba. Ba ita ba. Yawwa." Gwiwata ba ta yafe mini ranar nan ba har yau.

Muna cikin haka sha biyu ta buga. Ma'aikatan gidan shekara da shekaru da sha biyu suke zuba kaya a kwano, kuma ba wanda ya ce musu yau ta bambanta. Kafin mu ankara sun juye fulawa buhu guda, sun zuba ruwa da sukari da yis. Yis kuwa bai san ana jarrabawa ba. Ya kama aikinsa. Wani gefen ya fara kumbura yana huci, wani gefen gari ne busasshe. Mai Burodi ya ɗora hannu a ka, ya sauke, ya je taga.

"Tasta, ka yi wa girman Allah ka shigo. Buhu guda ne."

"Na yi alkawari gaban shaida."

"Shaidar taka ga shi can ƙarƙashin inji."

Ɗaya saura kwata muka gama bin wayoyin. Auta ta zauna a kan buhu da takardarta. Na leƙa. Cikin korayen nan huɗu da ta so ɗaurawa a jikin inji, biyu daga babban makunni suka taso, wato su ne masu ɗauke da wuta. Ta ƙasa ta gaskiya kuwa ja ce. Da ta bi launi, da abin da zai faru a ɗakin nan ba na dariya ba ne. Na kalle ta, ta kalle ni.

Ta sake duban takardar. "Baƙaƙen biyu daidai suke, inda ya kamata. Ja da kore ne kawai a hargitse, ba tsari ko kaɗan." Ta juyo gare ni. "Kawu, Baba ya taɓa sayo maka fenti?"

Tambayar ta zo mini a baibai, amma sai na tuna. Shekarun baya na aike shi ya sayo mini kore zan shafa wa wasu kujerun makaranta, ya dawo da ja. Da na yi magana ya ce mai shagon ne ya cuce shi, ya koma ya yi masa tas, har suka shekara ba sa gaisawa. Na gaya mata.

"Kuma Mama ce take fitar masa da kaya kullum," ta ce. "Kuma ba a aikensa sayen tumatir."

Ta miƙe. Lokaci ya tafi, ta kama ɗaura wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ta wuce da minti goma ta rufe akwati, ta ce kowa ya ja baya, ta cire kwaɗo ta ɗaga babban makunni. Fitila ta kama. Fankar hayaƙi ta tashi. Ta danna na inji.

Injin ya tashi da ƙarfinsa, sai dai da baya. Maimakon murɗaɗɗen ƙarfen ya danna kwaɓi ƙasa, sai ya riƙa tattaro shi yana hawa da shi sama. Kwaɓin ya naɗe ƙarfen, ya kai wuya, ya leƙo waje. Gari ya tashi ya rufe ɗaki. Wani curi kamar kan jariri ya fita ya sami Mai Burodi a ƙirji, wani ya faɗi a tsakiyar inda Tsabta ya gama gogewa. Tsabta ya tsaya a kansa da tsintsiya kamar an yi masa rasuwa.

Tasta ya gane daga ƙarar kawai. Ya yi gyaran murya, ya fuskanci wata mage da ke kwance a gindin bango.

"Ke mage, wasu injunan masu ƙafa uku ne. In an saɓa musu biyu, da baya suke tafiya."

Amma kafin ya kai ƙarshe Auta ta riga ta kashe, ta mai da kwaɗo, sukundireba na hannunta.

"Na sani, Baba, darasi na sha bakwai. Kawu, ka shaida ban tambaya ba."

"Da mage yake," na ce. "Na shaida."

Ta sauya wayoyi biyu. Injin ya juya daidai, lafiya lau, ba ludayi. Ma'aikata suka yanko kwaɓin daga wuyan ƙarfe suka mayar. Da mintocin suka cika na'urarta ta yi ɗan kuka ta tsayar da shi da kanta, Mai Burodi ya kalli abin ya ce a sake ya gani. Na duba agogo tun lokacin da ya juya daidai. Ɗaya da minti ashirin da biyu.

Muka koma mu uku. Muka zauna a bencin ƙofar shagona, ni da ita fari fat da gari.

"Kafinta, ƙarfe nawa ya tashi?" in ji Tasta.

Ina son yarinyar nan kamar ni na haife ta. Amma shaidar da za ta lanƙwasa don so ba ta da amfani ga kowa, har da wanda aka lanƙwasa dominsa.

"Ɗaya da ashirin da biyu."

"To. Magana ta ƙare."

Auta ba ta yi gardama ba. Ta sa hannu a aljihu ta fito da guntayen waya biyu sababbi, ɗaya ja ɗaya kore, ba ƙulli a jikinsu. Ta ajiye a benci tsakaninsu.

"Na yarda na makara. Baba, miƙo mini jar."

Ya kalle su. Na ga yatsansa ya bi jikin ɗaya daga sama har ƙasa yana neman abin da babu. Ya bi ta biyun.

"Ni ba ɗan aikenki ba ne."

"Miƙo dai."

Ya janye hannu. Mota ta wuce, mai ruwa ya wuce da kurarsa. Can ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Maigidana shekara bakwai ina gabansa bai gane ba. Uwarki sati biyu ta yi ta gane. Na yaba mata jan zane, ashe kore ne." Ya shafa gemu. "Ni duka biyun kamar busasshen ganye nake ganinsu. Ina da shekara sha bakwai na gano, na san in na faɗa kora ta zai yi. Sai na fara ƙulli. Shekara hamsin ban taɓa saɓa waya ba, ban taɓa ƙona gidan kowa ba. Yatsa ba ya ruɗewa."

"Mai fenti fa?" na ce.

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

"Shekara guda ba ka gaishe da bawan Allah ba."

"Ai ya mutu, a bar zancen."

Auta ba ta yi dariya ba. "Baba, gida nawa ka yi wa waya a garin nan?"

"Sun fi ɗari huɗu. Har da asibitin haihuwa da injin niƙa biyu."

"Duk da ƙulli?"

"Duk."

"To in ka ba mai rigunan waya shago, ran da wuta ta lalace a ɗaya daga cikinsu wa za a kira? Wani za a kira daga wata unguwa. Zai buɗe akwati ya ga kore, ya ce ta ƙasa ce, ya kama da hannu. Ni 'yarka ce, da mita a hannuna, saura ƙiris na ɗaura wuta a jikin inji yau. Shi wa zai gaya masa?"

Tasta ya daɗe yana kallon guntayen nan biyu. Ina jin bai taɓa tunanin akwatunan nan za su rayu bayan hannunsa ba. Mu masu sana'a duk haka muke, muna aiki kamar mu za a kira har abada.

Ya laluba aljihu, ya fito da mabuɗin da igiyarsa, ya ajiye a benci. Bai miƙa mata ba.

"In ɗauka?" ta ce.

"Ni dai na ajiye. Ba don kin ci ba, kin faɗi, ga shaida nan. Kuma in kika ƙara yanke mini ƙulli a garin nan, sai na karɓe abina."

"Ba zan yanke ba. Tef zan liƙa a gefensa in rubuta, gida gida, har mu gama."

Ta ɗauka ta sa a jaka. Tasta ya ce ni ne shaida, don haka ni zan je in ba mai rigunan waya haƙuri. Na ce wannan ba ya cikin aikin shaida. Ya ce riƙe waya ma ba ya ciki.

Auta ta juya bayan takardarta ta cire murfin biro. "To faɗa mini. Ƙulli ɗaya?"

"Mai wuta ta farko. Biyu, ta biyu. Uku, ta uku. Biyu a manne da ɗaya a nesa, ta ƙasa. Ɗaya babba mai kunne, ta fitila."

Ta rubuta, ta ja layi. "Ai da sauƙi ma."

"Wannan na gidajen da na yi bayan an haifi yayanki na biyu ne. Kafin nan daga ƙarshe nake ƙirgowa."

Biron ya tsaya. "Me ya sa ka canza?"

"Wani yaron shagona ya fara ganewa."

"To yaya zan san gidan da aka yi kafin a haifi Yaya?"

"Ni na sani." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Akwai kuma shekara biyu da na yi fushi da ƙulli na koma murɗi, amma waɗannan ba su fi gida talatin ba. Ki je ki gaya wa masu buga takardu su nemi wata. Gobe ƙarfe bakwai, ki sa takalmi mai ƙwari, ta asibitin haihuwa za mu fara."